Kwanon Salanieta

Akwai wata mai sayar da rogo a kasuwar Nausori da ke ba ni haushi. Doguwa ce mai furfura, silifas ɗinta ɗaure da zare. Sunanta ma a bakin maƙwabciyarta na ji.

Da rana ta take, sai ta buɗe kwanon kifinta da romon kwakwa. Kowa ya san al'ada: ka kira mai wucewa ya zo a ci, ya yi godiya ya wuce. Ita godiya ba ta isarta, sai ta kamo hannun mutum. Mai shara ya ci, direban bas ya ci har da ƙari.

"Salanieta, ke fa?" in ji maƙwabciyar. "Kin sha maganin sukari, cikinki ba komai!"

"Haba 'yar'uwa, ni ai ko me ya rage."

Ƙayar kifi ce ta rage.

Ina jin tun tana ƙarama ita ce ta ƙarshe a tabarmar cin abinci, har ta ɗauka iyakar darajarta ke nan. Duk da haka idonta na kan hanya, ko akwai wanda bai ci ba.

Akwai mana, baiwar Allah. Ke ce!