Kihi da Ruhi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Illa, kuma har yau ban biya shi haƙƙin ɗango ɗaya na waƙarsa ba.

Manomi ne a ƙasar Keita, in an gama girbi sai ya koma su a tabki. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da jan taru yake auna karin waƙa: kowane ja ɗango ɗaya, in numfashi ya ƙare kafin ɗangon, to ya yi tsawo. Ni ƙanensa da na zama malamin makaranta, Mushe, wato malam da Faransanci, yake ce mini don tsokana.

Wata rana ya ce in rubuta masa waƙarsa ta su. Na rubuta da Hausar littafi: kifi, zurfi, ƙarfi. Ɗango na huɗu ya ƙare da ruhi. Na dubi takarda na ce, "Yaya, amsa-amonka ya karye. Uku da fi, ɗaya da hi." Na soke shi da jan biro, kamar aikin ɗan aji.

Ya daɗe yana kallon takardar da bai iya karantawa ba. Ya ce, "To, Mushe, kai ka san karatu." Bai ƙara rera ɗangon a gabana ba.

Bara na je gaida matarsa Rabi, na tarar tana tsince wake tana rerawa:

Na shiga tabki biɗar kihi,
Ruwa ya kai ni wurin zurhi,
Taru ya canye min ƙarhi,
Allah, kai ka riƙon ruhi.

Kunya ta rufe ni. A bakinmu na Adar babu abin da ya karye. Ni ne na duba da ido, alhali da wannan kihin aka yaye ni. Na gaya mata abin da na yi. Ta ce, "Ya hwaɗa min. Cewa ya yi ƙila Mushe na da gaskiya."

Wannan ya fi komai ci mini rai: ya tafi yana zaton shi ya yi kure.

Yau tabkin na janyewa da wuri, samarin da za su ja taru sun tafi cin rani. Da yana nan, na san zai yi musu waƙa, ya sa ni ciki ya yi dariya. Tarunsa ya ruɓe, takardata ta ɓata, baitin kuwa na nan a bakin Rabi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Mai duba rubutun jaridar nan, ina roƙonka: kihi na rubuta, kada ka gyara.