Jafaru da Kurmin Dutsen Rema

Shekara ashirin da biyu Jafaru ya yi yana cin abinci da bakin gatari. A ƙauyen Tsamiyar Maƙera, cikin ƙasar Dutsi, ba ƙiryar da ta taɓa gagarar sa. Ya sare, ya turbuɗe, ya tono gawayi, maƙera su zo ɗauka har daga Baure. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk kanta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, itatuwan gangare suka ƙare ƙarƙaf. Saura na saman Dutsen Rema, inda ba mai zuwa saboda wuyar hawa. Wata safiya cikin bazara Jafaru ya saɓa gatari ya kama hanya, wani wuri da tafiya, wani wuri da rarrafe. Da hantsi ya ratsa wani tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu, sai ya tsaya cak.

Kurmi ne a kwance cikin ƙwaryar dutsen. Ƙasa tana ƙuna a gangare, amma nan sanyi ya dake shi har cikin ƙashi. Ga kanya, ga ɗinya, ga maɗaci wanda mutum huɗu ba za su rungume ba, rassansu sun sarƙe sun rufe rana. Daga gindin wani falalen dutse ruwa yana tsattsafowa, garai-garai, yana taruwa a kwarmi. Zabin daji suna sha, ba su ko ɗaga kai ba. Remaye sun jeru a bisa dutse suna kallon sa kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce a hankali. Ya yi alwala da ruwan, ya zauna har azahar, bai sari ko reshe ba.

Da ya dawo hannu wofi, matarsa Kubura ta dube shi. "Malam, lafiya? Ina itacen?"

"Na ga abin da ya fi ƙarfin gatarina, Kubura."

Ya san in ya yi shiru, wani zai gano hanyar. Sai ya tafi wurin limamin garin, Malam Ikrima, ya zayyana masa komai.

"Allah gafarta Malam, akwai yadda za a hana a taɓa wurin nan?"

"Akwai," in ji Malam Ikrima. "Shugaba yana da ikon keɓe ƙasa ya mai da ita hurumi don amfanin jama'a. Amma sai ka shawo kan mutane, kai da ka fi kowa sara."

Haka kuwa aka yi. Ranar da dagaci ya tara jama'a, wani makiyayi mai suna Kalilu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, wanda ya aske mana gangare shi ne yau zai hana shanunmu ganye?"

Jafaru bai musa ba. "Gaskiya ka faɗa, ni na aske. Abu ɗaya nake roƙo, ku biyo ni ku gani."

Mutum tara suka bi shi. Kalilu ne ya fara ratsa tsagin. Ya cire malafarsa, ya dubi kurmin, sannan ya juyo. "Wannan ba wurin gatari ba ne."

Dagaci ya kai maganar gaban hakimi, malamin daji ya zo aka kewaye dutsen da turakun iyaka. Aka yarda mata su tsinci busasshen itace, shanu su yi kiwo a gindi, amma ba sara, ba wuta, ba farauta. Aka damƙa tsaron a hannun Jafaru.

Ya sha wuya. Gonarsa 'yar ƙarama ce, wata shekarar da ƙyar gero ya kai su damina. Tsofaffin abokan sana'arsa suka daina gaishe shi. Duk da haka kullum sai ya hau, har gwiwoyinsa suka fara ƙara. Sannu a hankali sabara da geza suka rufe gangaren, rijiyoyin gindin dutsen suka daina ƙafewa da bazara.

A shekara ta goma sha ɗaya da fara tsaron, yana zaune a bakin iyaka tare da Mati, tsohon maharbin da ya ajiye baka, sai ciyawa ta motsa. Gada ce ta fito, ɗanta na biye da ita yana tangaɗi. Ta tsaya ta dube su, ta kaɗa kunne, ta wuce abinta.

Mati ya damƙe hannun Jafaru, hawaye na bin gemunsa. "Rabona da ganin gada a ƙasar nan tun ina saurayi. Ashe da sauransu!"

"Yi a hankali, Baba," in ji Jafaru. "Kada ka firgita ɗan."