Romon Ƙashi a Tukunyar Inna

An kori Inna Mai Ganye daga aiki ranar Talata, bayan shekara goma sha bakwai a gaban murhu, saboda ta gaya wa wata tsohuwa abin da ke cikin kwanonta. Laifin ke nan, babu wani.

Gidan cin abincin ba babba ba ne, tebur tara ne a bakin titi, inda ma'aikatan ofis ke shigowa da rana. Da wanke-wanke Inna ta fara a can. Ita ta roƙi maigidan ya bar mata kusurwa ɗaya a kicin, ta gwada girkin da babu nama. Ya yi dariya, ya bar mata. Mijinta, da yake mahauci ne, har da riƙe ciki.

"Matar mahauci da dafa ciyawa! Uwar yara, awaki za ki ciyar?"

"Awakin nan da mota suke zuwa, Malam. Kai dai ci gaba da korar ƙuda."

Da motar kuwa suka riƙa zuwa. Inna takan soya albasa sai ta yi ja kafin wake ya shiga, ta gasa tattasai a kan wuta har bayansa ya ƙone, ta dafa ruwan karas da kabeji awa biyu cur don miya. Tukunyarta daban, wuƙarta daban. Ludayinta ma ta ɗaura masa jan zare, kada wani ya tsoma shi a miyar kaza. Da wannan kusurwa ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da ita ta rufa wa 'ya'yanta uku asiri.

Cikin masu zuwa akwai Malama, tsohuwar malamar makaranta da likita ya raba da nama da romonsa saboda ciwon gaɓoɓi. A gidan ɗanta komai da nama ake haɗawa, sai ta tambaya sau uku kafin ta kai loma. A wurin Inna ne kaɗai takan rataye sandarta a jikin kujera, ta ci ta ƙoshi ba ta tambayi kowa komai ba.

Da tsufa ya zaunar da maigida, sai ya miƙa wa ɗansa wurin. Wanda Inna ta sha share wa majina, shi ne yanzu Manaja. Ya sauya kujeru, ya ƙara fitilu, ya buga sabuwar takardar abinci, aka rubuta "babu nama" da manyan baƙaƙe a saman girkin Inna. Sannan ya shigo kicin yana duba agogo.

"Inna, awa biyu a kan ruwan kabeji? Ga romon ƙashi can yana zaman banza. Ki zuba mana, ya fi sauri, ya fi daɗi."

"Ɗana, takardarka ta ce babu nama."

"To ƙashi nama ne? Wa ma zai sani?"

"Ni."

Ranar Talatar nan motar haya ta lalace da su Inna a hanya, ta iso a makare. Ta tarar an ɗora mata tukunya, har an fara zuba wa mutane. Tana ɗaga murfi hancinta ya gaya mata. Wa zai ɓoye wa matar mahauci ƙashi? Ga maiƙo nan yana yawo a sama ba kunya. Ta leƙa ta ƙofar kicin, ta hango Malama ta ɗaga cokali.

Shekara goma sha bakwai Inna ba ta taɓa taka wurin zaman baƙi a lokacin aiki ba. Ranar ta taka, hannunta duk albasa.

"Yaya, ajiye cokalin nan. Da romon ƙashi aka yi."

Malama ta dube ta, ta dubi kwanon.

"Tun yaushe, ƙanwata?"

"Yau ne. Na baya duk da hannuna na dafa, wallahi."

Mutumin teburin gefe ya ture kwanonsa. Manaja ya biyo ta kicin yana huci.

"Kin tozarta gidan ubana! Cire rigar aikin nan."

"Ubanka bai taɓa sa ni ƙarya ba," in ji ta. Ta ninke rigar, ta ajiye masa a kan tebur.

Yanzu tana gida, asuba na yi ta farka ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta dafa wa jikoki wake da alayyafo, su juya cokali su ce, "Kaka, ina naman?" Malama kuwa ta daina fita cin abinci ko'ina. Can bakin titi ana nan ana zuba wa bayin Allah miyar, suna lashe cokali suna yaba lafiyar ganye.

Maigida, tsufa ƙafa ya kama maka, bai toshe maka kunne ba. Ka kira ɗan nan naka. Ya taka har ƙofar Inna ya ba ta haƙuri a gaban jikokinta, ya mayar da ita bakin murhunta. In girman kai ba zai bar shi ba, to ya tsaya a bakin ƙofarsa da kansa, ya gaya wa duk mai shigowa abin da ke cikin tukunyar kafin ya zauna.