Ƙafa ko Mita a Bakin Rijiya

Mun tashi daga Tawa bayan sallar asuba, mu uku cikin wata tsohuwar Landiroba: direba, da wani Bature ɗan Amurka masanin haƙar rijiya, da ni. Ina koyar da Turancin Ingilishi a kwaleji, shi ya sa aka aro ni tafinta. Murna ta hana ni karin kumallo, domin ban taɓa yin Ingilishi da mai shi ba.

A bakin gari jandarmomi suka juya takardunmu, suka leƙa bayan mota, suka ɗage sanda. Daga nan hanyar Takanamat ta zama rairayi da duwatsu. Gonaki fayau, ko kara babu. Muka yi ta wuce ayarin Buzaye sun nufi kudu da 'yan awakin da suka rage musu. A kasuwar Takanamat tiyar gero ta yi tsadar da mata ke tambaya su wuce, akuya kuwa kamar kyauta. Muka ci tuwon jar dawar taimako, Bature ya yaba, direba ya ce in gaya masa kayansu ne muka mayar masa.

Tun a mota na gane lambobi za su ba ni aiki. Sha biyar da hamsin a bakinsa kusan ɗaya suke, fiftiin da fifti, sai ka kasa kunne ga inda ya ja murya.

Da hantsi muka isa wani ƙauye arewa da Takanamat. Rijiyarsu ta ƙafe, sun haƙa sabuwa har gaba ashirin da biyu, ba ko laima. Wasu gidaje sun riga sun ɗaure kaya. Bature ya sa aka zura shi ciki da igiya, ya fito fuska duk ƙasa, ya duba taswirarsa, ya faɗi zurfin da za a sami ruwa. Na sa ya maimaita, sannan na ce wa jama'a ɗari da hamsin.

Su mita suka sani a bakin ma'aikatan gwamnati. Maigari ya kira ni yadda ake kiran malaman boko, ya ce, "Mushe, mita ɗari da hamsin? Wa za shi haƙa wannan da yunwa? Gobe mu tahi."

Sai na tuna Amurkawa da ƙafa suke awo. Na juya na tambaye shi, fit ko mita? Ya buɗe ido, ya buga takalminsa a ƙasa ya ce fit! Na tsuguna na buga lissafi a rairayi. Ƙafa shida gaba ɗaya ce.

"Baba, gaba ashirin da biyar yake nufi. Saura uku!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Bature ya ƙara da cewa tabbacinsa eiti fasent ne, na ce kashi tamanin cikin ɗari. Maigari ya ce, "Hwaɗa mishi duka ɗarin na hannun Allah, amma mun gode da tamanin."

Muka zaga wasu ƙauyuka, kwanaki muna kwana kan tabarma. Da muka biyo ta ƙauyen farko a dawowa, muka tarar da mutane cunkushe a bakin ramin. Guga ya fito da jiƙaƙƙen yashi, ruwa na ɗiga ta gindinsa. Wata tsohuwa ta damƙi yashin ta shafa wa jikarta a goshi. Ni da Bature muka rungume juna, babu wanda ya nemi fassara.

Mun shigo Tawa da la'asar, na sha ruwan randa har cikina ya ɗauka. Abin da na koyo shi ne lamba ba ta cika sai an faɗi ma'auninta. Washegari a aji wani ɗalibi ya ba ni amsa, "Twanti," wato ashirin. Na ce, "Twanti me? Garin mutane ya kusa tashi a kan wannan."