Shekarar da na koyi yabo

Shekara goma sha ɗaya ina shugabar mata masu ƙuliƙuli da man gyaɗa a unguwarmu, nan Bungudu, ba wadda ta taɓa cewa ban iya ba. Mu tara ne. Ban yi boko ba, amma daga ƙofar gida nake gane gyaɗar da ta wuce wuta. Tsarina ɗaya ne: in na ga kuskure in faɗa, da ƙarfi, yadda ta ƙuryar gida ma za ta ji ta kiyaye.

Sai wata ƙungiya ta kira shugabannin mata zuwa Gusau, wai a koya mana shugabanci. Kwana biyu munka yi cikin wani ɗaki mai sanyi kamar gindin randa. Malamar, wata mai tabarau, ta ce wurin aiki yakan yi lafiya yakan yi ciwo kamar mutum, kuma faɗa ne ke sa mishi zazzaɓi. Ta ce kafin ka gyara wa mutum kuskure ɗaya, ka yabe shi sau biyu.

Na ce, "Malama, in abin yana bisa wuta fa?"

Ta ce, "Ko bisa wuta ne, Inna. Yabo biyu."

Na karɓa. Ni in na ɗauki abu ba na ɗaukar rabi.

Ranar da na koma aiki, maƙwabciyata tana suyar gyaɗa, hankalinta na ga hira, kasko ya fara hayaƙi. Na tsaya kanta ina neman yabo.

Na ce, "Ɗaurin ɗankwalinki ya yi kyau."

Ta ce, "Na gode, Inna."

Na biyun ne ya ba ni wuya. Shekara talatin na san matar nan. Na duba sama, na duba ƙasa, can na ce, "Kuma kina amsa sallama."

"Alhamdulillahi."

"Gyaɗarki ta ƙone."

Ta zabura. "Tun yaushe?"

"Tun ɗankwali."

Kafin mako ya zagayo, matan sun gane lissafin. Da na buɗe baki na ce wa mace ƙunshinta ya kama, sai ta ruga ta sauke kasko. Sunka ɗauki abin tsakaninsu kuma. Na taɓa raba dambe saboda wata ta ce wa wata, "Ke kam mai haƙuri ce, ga tsabta." Wurin suna na ce wa mai jego jaririnta kyakkyawa ne, ta shiga juya shi tana duba inda matsalar take.

Akwai wata cikinmu, mutuniyar Tsafe, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ta zauna saboda sana'a. Ita ke fitar da mai. In anka niƙo gyaɗa ta zuba a turmi, ita kaɗai ta san lokacin da za a yayyafa ruwan zafi, da yawan da za a sa. Ban taɓa yabonta ba, don ba ta taɓa kuskure ba.

Wata hantsi na tsaya ina kallon mai yana tasowa ƙarƙashin hannunta, abin ya burge ni har zuciya. Na ce, "Hannunki akwai albarka." Matan sunka ɗago kai. Na ƙara, "Duk cikinmu babu kamarki." Na wuce abina, don maganata ta ƙare.

Ashe ita jiran na ukun take. Kwana uku tana bin bakina da ido, ba ta cin abinci. Rana ta huɗu ta ƙulle kayanta ta tafi gidan yayanta a Tsafe.

Mu takwas munka taru kan turmi, tunkuza ta riƙe manta ta ƙi saki. Ƙulin ya fito laɓo-laɓo. Na san in ba ta dawo ba, sana'ar ta watse.

Na shiga mota zuwa Gusau, na sake wata zuwa Tsafe. Na iske ta zaune bisa tabarma, ta rame.

Ta ce, "Inna, ki faɗi na ukun in huta."

Na ce, "Babu na uku."

"Yabo biyu, babu na uku? To abin ya fi ƙarfin baki ke nan."

Na rantse, ta sa kuka. Matar yayanta ta jawo ni gefe ta ce, "Hajiya, don Allah ki taimaka ki samo mata laifi. Ko kunu ba ta sha."

Na zauna ina laluben aibin baiwar Allah nan. Wallahi na yi gumi. Can na miƙe, na saki muryata ta da, wadda ban taɓa ba tun dawowata daga Gusau.

"Ke, in kina tafiya jan takalmi kike kamar mai shara. Shekara shida yana ci mini rai. Kuma wace irin sakarya ce za ta bar mutane da tunkuza ta zo ta zauna tana kuka?"

Ta sauke numfashi. "Shi ke nan, Inna?"

"Mi kike so ya fi haka? Ɗauko gyalenki."

Sai da ta cinye malmala biyu ta tuwo kafin mu fita. Har tasha tana gabana, tana ɗaga ƙafa ɗai-ɗai kamar zalɓe a fadama, masu babur suna kauce mata. Washegari da hantsi mai ya taso a turmi. Na kalla, na kama bakina.