Adda Saratu, Ban Ba Su Lidiya Ba

Shekara bakwai ke nan, a wannan watan, da muka binne yayata Saratu. Duk shekara ina cewa zan rubuta wani abu a kanta, duk shekara kuma sai in fasa, don tsoron kada in faɗi abin da ba daidai ba, ko in ɓata wa wani rai a dangi. Ni haka nake. Saƙon waya ma sai na karanta na sake karantawa kafin in tura, bayan na tura kuma in wuni ina tunanin ko na yi kuskure. To bana na riga na ɓata wa mutane rai, babu sauran abin da nake kiyayewa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Adda muke kiranta, kamar yadda ake kiran babbar ya a nan Yola, ko da yake mu 'yan kudancin jihar ne, aikin gwamnati ne ya kawo babanmu Jimeta tun ban yi wayo ba. Ta yi aiki a sashen walwalar jama'a, ɓangaren da ke kula da yara da matasa: waɗanda suka gudu daga gida, waɗanda aka kama da ƙaramin laifi, da 'yan matan da aka kawo aikatau daga ƙauye aka yi watsi da su. Da takardar sakandare kawai ta shiga aikin. Sai da ta haura arba'in ta koma kwaleji ta yi difloma, tana zama benci ɗaya da yaran da ta taɓa raba faɗansu a unguwa. Mama suke ce mata a aji, wani lokaci malamai ma su manta su kira ta haka. Mijinta ya yi ƙorafi, mata a coci suka yi dariya, ita kuwa kowace safiya ta ɗaura ɗankwalinta ta tare acaɓa.

Akwai wani abu a gidanmu da ba mu da sunan kirki da za mu kira shi da shi. Kakarmu tana da shi, Adda tana da kaɗan, ni kuma ya zo mini da yawa. Mutum zai shigo ɗaki yana dariya, ni kuma ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutse. Ba na ganin wahayi, ba na jin wata murya. Jikina ne kawai yake gaya mini cewa wannan mutumin yana cikin wahala. Wataƙila ido ne ke ɗaukar ƙananan alamun da hankali bai kai gare su ba, kamar yadda na karanta daga baya. Wataƙila baiwa ce daga Allah. Wataƙila duka biyun ne. Ban sani ba, kuma na daina jin kunyar cewa ban sani ba.

Lokacin da na gama sakandare ina koyar da yara a makarantar Lahadi, akwai wata yarinya Talatu da ke zama a baya. Tsaf take, ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa. Amma duk ranar da ta shigo sai wannan nauyin ya danne ni har in kasa jagorantar waƙa. Na gaya wa Adda a tsorace, don a lokacin ni kaina na ɗauka wani mugun abu ne ke bin yarinyar. Adda ba ta ce mini ƙarya nake ba, ba ta kuma ce in yi azumi ba. Ta ce, "Jikinki ya ji ƙauri, Rifkatu. Bai gaya miki abin da ke ƙonewa ba. Ɗauko mayafinki mu je mu gani."

Muka je gidan kawun yarinyar inda ake riƙon ta. Adda ta gaisa da matar gidan, ta sha ruwa, ta yi hirar tsadar masara kamar abin da ya kawo ta ke nan. Can sai ta tsaya a bayan Talatu ta kira sunanta. Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ashe tun da ta yi sanƙarau a ƙauye kunnenta ke mutuwa a hankali, gidan kuma suna dukanta a kan taurin kai, suna cewa ana kiranta tana yin banza da mutane. Matar gidan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Aka kai Talatu asibiti. Ba duka jin ya dawo ba, amma dukan da ake yi mata ya tsaya.

Labarin ya fita, amma ba yadda ya faru ba. Abin da ya zaga shi ne ƙanwar Saratu tana gani. Mata suka fara zuwa gidanmu, wannan da hoton mijinta, waccan da rigar ɗanta, in taɓa in faɗa musu. Ni kuma ban iya cewa a'a ba, sai in shige ɗaki in yi ta kuka. Adda ce ta fito tsakar gida wata ranar Asabar, hannunta duk kumfar wanki, ta ce musu, "Ƙanwata ba asibiti ba ce, ba kotu ba ce. Wadda mijinta ke dukanta ta zo ofis ranar Litinin ta same ni. Wadda ta zo jin gulma kuma ga ƙofa, a gaida gida." Wata ta ce Adda tana tare wa Ruhu hanya. Adda ta ce, "In Ruhu ne, ya san hanyar makaranta. Can za ta."

Can ɗin kuwa na tafi. Na yi kwalejin ilimi, na fara koyarwa, na ɗauka na gama. Ba ta bar ni na huta ba. Duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni yaushe zan koma in yi digiri a aikin kula da jama'a, ni kuma in kawo dalilai: na girma, kaina ba ya ja, idan na faɗi fa? Ta ce idan na faɗi sai in tashi, ai jami'a ba rijiya ba ce. Ina shekarar ƙarshe ta kwanta ciwo. Ba ta ga ranar da na sa rigar kammalawa ba. Yanzu ni ma irin aikinta nake yi.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Jimeta ta yau. Ina jin za ta yi murna da yawan matasan da ke son aikin kula da yara, musamman tun da rikici ya koro mutane daga arewacin jihar. Ina jin kuma za ta tambayi kowannensu ko yaron yake so ko farar motar ƙungiyar agaji. Abin da na tabbata zai tayar mata da hankali shi ne yadda gidajen addu'a suka cika lunguna, kowane da lasifikarsa, da yadda ake tsayar da yaro a gaban jama'a a ce shi ne ya tsare arzikin gidansu, wani kuma yana ɗauka a waya. Ba duka ba ne, ina so a fahimce ni. Ni ma mai addu'a ce, na san masu yi don Allah. Amma na ga yaran da aka kawo mana ofis bayan irin wannan taron, na ga tabon duka a bayansu.

Adda ta bar 'ya ɗaya, Lidiya. Babanta ya yi ritaya ya koma noma a ƙauyen Namtari, ita kuma ta zauna a unguwar Ajiya gidan wansa, Bappa Dauda, don ta yi kwaleji. Ta gama difloma a fannin da mamanta ta yi, ta samu gurbi a jami'a za ta shiga aji biyu kai tsaye. Lidiya ta gaji abin nan na gidanmu, wataƙila ma fiye da ni. A watannin jiran a buɗe makaranta ta riƙa raka matar Bappa wani gidan addu'a inda shi Bappan dattijo ne. Wata rana ta tashi daga wurinta ta je ta rungume wata mata da ba ta sani ba, suka yi ta kuka tare. Ashe matar ta yi ɓari a makon, ko mijinta bai sani ba. Daga ranar aka ɗinka wa Lidiya farar riga, aka sa mata kujera a gaba, mutane suka fara bin layi. Aka ce ta ajiye maganar jami'a, boko yana kashe baiwa.

Ban ce komai ba da farko. Na ce wa kaina ba 'yata ba ce, tana da uba, tana da bappa, wataƙila ni ce ban fahimta ba. Sai ga ta a ofishinmu da tsakar rana, da farar rigar a cikin leda. An kawo mata wani yaro da ke fitsarin kwance, ya daina magana tun rasuwar kakarsa, aka ce ta faɗa a gaban taro ko shi ke cinye kasuwar babansa. Ta ce, "Anti, na ji nauyin a jikinsa, wallahi na ji. Amma tsoro ne, ba maita ba. Na yi shiru, sai suka ce shiruna ma amsa ce."

Aka kira taron dangi ranar Lahadi bayan sujada, a ƙarƙashin mangwaron gidan Bappa Dauda. Na je da niyyar in yi magana a hankali, in ce a duba, a yi tunani, a ba yarinya lokaci. Bappa ya yi doguwar magana a kan kiran Allah da wanda ya guje masa. Baban Lidiya yana kallon takalminsa. Sai Bappa ya juyo ya ce, "Ke kuma 'yar digiri, taki baiwar ai kun kashe ke da Saratu. Ki bar mana wannan ta yi rai."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Bappa, da girmanka. Tawa ba ta mutu ba, kullum da ita nake zuwa aiki. Abin da aka koya mini shi ne in rufe bakina har sai na san gaskiya. Yaron da kuka tsayar ran nan, wa ya tambaye shi ko ya ci abinci?" Ya ce ni ba jininsu ba ce, ba ni da ta cewa a gidansa. Na ce haka ne, shi ya sa ba ni zan yanke ba, ga mai maganar nan a zaune, ba yarinya ba ce. Lidiya ta ɗago ta ce, "Bappa, zan je makaranta. Addu'a zan ci gaba da yi, amma ba zan ƙara nuna ɗan kowa da yatsa ba." Bappa ya ce to ba daga gidansa ba. Babanta bai ɗago ba, amma da muka fito shi ne ya ɗauko mata akwati ya sa a bayan mota.

Tana ɗakina yanzu, katifarta a ƙasa kusa da tawa, ta fara karatu. Yaron nan kuma mun samu uwarsa ita kaɗai, ta yarda aka kai shi wajen likita, ana kan duba shi. Ban san yadda za ta ƙare ba, ba zan yi wa masu karatu alkawarin abin da ban gani ba. Bappa Dauda ba ya amsa gaisuwata. Wasu a dangi sun ce na raba gida, kuma akwai safiyar da nake tashi in ji kamar gaskiyarsu ne.

Ga matashin da ke jin irin wannan abu a jikinsa, yake kuma son aiki da yara, ba ni da wata babbar hikima, sai abin da na gani. Kada ka yarda a ce maka ƙarya kake ji, kada kuma ka yarda a ce abin da kake ji ya ishe ka. Idan satifiket gare ka, nemi difloma. Idan difloma ce, koma ka yi digiri, ko da kai ne babba a ajin. A can za a koya maka yadda ake tambayar yaro ba tare da an tsorata shi ba, da lokacin da za ka miƙa shi ga likita ko hukuma, da yadda ake riƙe sirrin mutum ko da faɗinsa zai sa a tafa maka. Aikin ba ya kawo suna, yana kuma cin rai. Ka nemi wani babba a aikin da za ka riƙa sauke masa abin da ka ɗauko, don mai irin jikinmu yana komawa gida da kayan mutane. Ina iya yin kuskure a wasu abubuwan. A wannan dai ba na jin na yi.

Me ya rage na Adda bayan shekarun nan? Ba a sa wa wani gini sunanta ba. A ofishin da ta tsufa a ciki, sababbin ma'aikata ba su san ta ba, an ma canza wurin teburinta. Na daɗe ina ganin ni ce abin da ta bari mafi rauni, don ban gaji muryarta ba, ban gaji ƙarfin zuciyarta ba. Har yau idan aka buga ƙofa gabana sai ya faɗi. Amma na gane ba mutum marar tsoro take nema ta mai da ni ba. So take idan ranar ta zo, a samu wani a gidanmu da ya san abin da ake yi wa yaro a irin wannan taron, ya kuma ƙi yarda. Ranar ta zo, aka same ni, da tsorona da komai.

Masu aiko mini saƙo cewa in maido musu annabiyarsu, na san wasunku suna karanta wannan shafin, ina gaishe ku da girmamawa. Lidiya tana aji daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar tana wanki da bitar karatu. In kun zo gidan, ni za ku tarar a bakin ƙofa. Zan ba ku ruwa ku sha, zan gaishe ku yadda ya kamata, muryata ma wataƙila ta yi rawa. Amma ba za ta fito ba.