Rufin da na zaɓa wa ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya can, ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, na taɓa zana wa iyayena gida. Har yau in na ga saurayi riƙe da takardar gini yana yi wa tsofaffinsa bayani da yatsa, sai gidan nan ya faɗo mini a rai.

Mu mutanen Damagaram ne. Aikin gwamnati ya kawo mahaifina Yamai tun ina ƙarami, muka yi ta zaman haya a Maourey, daga wannan gida zuwa wancan, har Allah ya sa ya samu ɗan fili ba nisa da unguwar. Ni kuwa lokacin na gama lakwal, wato makarantar boko, an ɗauke ni a wani biro na gwamnati inda ake zanen gine-gine. Aikina bai wuce in kwafe abin da manya suka zana in fere musu fensir ba. Amma da kun ga tafiyata, da farar riga da alƙalami uku a aljihu, sai ku rantse ni na tsara birnin gaba ɗaya.

Mahaifina ya ce, "Tunda Allah ya ba mu mai ilimin abin a gida, kai za ka tsara mana." Kaina ya ƙara kumbura.

Filin ƙarami ne, ƙannena kuma suna tasowa. Sai na yi dabarar da nake gani a takardun biro: zaure da ɗakuna uku a ƙasa yanzu, in hali ya samu a ɗora bene. Don a iya ɗora shi, dole rufin ya zama dal, wato siminti da ƙarfe a zuba shi shimfiɗe, rufi a yau, daɓen na sama a gobe. Matakala ma na ware mata wuri tun farko, jikin ɗakin mahaifiyata ta gabas. Sai bangon matakalar ya cinye tagar da za a yi mata ta wannan gefen, ya kuma faɗa daidai kan wata aduwa da muka tarar a filin.

Maginin da mahaifina ya kira tsoho ne ɗan garinmu. Ya daɗe yana kallon takardar, a juye ma ya riƙe ta, sannan ya ce, "Mushe," wato "maigida" da Faransanci, haka yake kirana in zai tsokane ni, "na saman yaushe za a ɗora shi?"

Na ce, "Shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu."

"To kafin nan wa zai zauna a ƙasa? Dal da ba bene a kanta tanda ce. Rana ta wuni tana dafa ta, in rana ta faɗi ita kuma ta karɓi aikin. Bar ni in yi wa tsohuwa ɗaki guda na laka da azara, mai tsawo, irin na gida."

Na zuba masa Faransanci, rabinsa ni kaina ban san ma'anarsa ba. Mahaifina, da daɗin jin ɗansa yana yaren biro, ya ce, "Zamani ya sake, malam. A bi takarda." Tsohon ya naɗe ta ya miƙo mini.

Ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata mace ce mai riƙon alkunya irin ta dā. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi doguwar magana da ni, balle ta ja da ni a gaban mutane. In tana da saƙo, ƙanwata take ba, ko da ina tsaye a wurin. Ranar da za a fara haƙa ta ce da ita, "Ki tambayi mai takardar, itacen nan dole ne sai an sare shi?" Na ce dole ne. Ta ce, "To." Iyakar abin da ta faɗa kenan a kan gidan da za ta ƙare rayuwarta a ciki, ni kuma na ɗauki "to" ɗin nan a matsayin yarda.

Da sanyi muka tare. Mutane suka yi ta zuwa kallo, don a layinmu kaf ba mai dal sai mu. Mahaifina yakan hau da baƙi sama ya nuna musu ƙarafan da ke tsaye suna jiran bene, ya ce, "Nan ɗakin babban, nan na ƙannensa." Ni ina baya ina sunkuyar da kai, wai tawali'u.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Yamai a wannan lokaci ba sai an gaya masa ba. Mu maza muna da wurin gudu: mahaifina da ni muna biro, yara suna lakwal, da yamma a baje a ƙofar gida. Mahaifiyata ce ba ta fita. Ɗakinta ne a kusurwa, taga guda ƙarama, ga ta da ciwon fuka tun tana yarinya. Wata rana na dawo da azahar na tarar ta kwarara ruwa a daɓe, ta jiƙa zane ta lulluɓa, tana jan numfashi da ƙyar. Na ɗaga hannu na taɓa rufin, na janye da sauri.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Da zarar an ɗora bene, ɗakin nan sai kin nemi bargo."

Ta kau da fuska wajen ƙanwata ta ce, "Ki ce masa gida ya yi kyau."

Bayan kwana biyu ta sa aka kafa mata rumfar zana a gefen madafa, ta kwashe tabarmarta da butarta ta koma can. Inda inuwar aduwa za ta kasance, bangon matakalata ne tsaye yana fitar da zafi.

Tsohon maginin ya ji labari ya zo da kansa. Ya ce akwai ɗan wuri bayan zaure, a ba shi sati biyu ya tayar mata da ɗakin laka. Mahaifina ya dube ni. Nan ne laifina na gaskiya yake, don kuskuren farko rashin sani ne, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Na ce wurin ginshiƙan baranda ne in an tashi yin bene, kuma ɗakin laka a gaban dal zai ɓata tsarin. Abin da ban faɗa ba, ba na so unguwa ta ga an gyara aikina da laka. Na ce, "Baɗi war haka an ɗora."

Baɗi ta zo, mahaifina ya bar aiki. Wata baɗin aka yi auren ƙanwata. Ta gaba, siminti ya yi wuyar samu. Ƙarafan sama suka yi tsatsa, mata suka mai da su wurin ɗaura igiyar shanya. Mahaifiyata kuwa tana rumfa, hayaƙin madafa yana shigar mata ƙirji. In hadari ya taso ta tattara ta shiga ɗaki, in an ɗauke ta fito. Tun ina jin kunyar ganinta a can har idona ya saba, kuma sabon nan ya fi komai ci mini rai yanzu.

A bazara ta biyar ta rasu, da la'asar, a cikin rumfar. Ba zan ce dal ce ta kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma ina tsaye bakin zaure na ji wata tsohuwa cikin masu shigowa tana cewa, "Ikon Allah, gida kamar wannan, me ya kai ta rumfa?" Ƙanwata ta amsa da sauri, "Ita ta fi son nan, Gwaggo." Ta rufa mini asiri, kamar yadda uwarmu ta yi shekara biyar tana yi.

An daɗe bayan nan, mahaifina ma ya bi ta, kafin ni da ƙannena mu haɗa ƙarfi mu ɗora benen. Komai ya zauna daidai yadda na zana. Ginshiƙai suka ɗauka, matakala ta faɗa wurinta, ba a fasa ko bulo ɗaya ba. Bazarar farko bayan an gama, ƙanwata ta zo wuni da ƴaƴanta. Da azahar ta shiga tsohon ɗakin ta yi salla, ta fito tana gyara mayafi ta ce, "Yaya, ashe gaskiyarka ce. Ɗakin nan sanyi kamar randa."

Ba da gatse ta faɗa ba, yaba mini take yi. Na fita ƙofar gida na tsaya cikin rana.

Na yi shekaru ina zana wa mutane gidaje bayan haka, kuma kusan kowa yana son a bar masa wurin bene. Ba na hanawa. Amma kafin in ja layi ko ɗaya sai na tambaya, wa zai wuni a gidan nan tun daga ranar tarewa, kuma ina zai zauna da azahar? In aka ce akwai tsohuwa, sai na je na gan ta. In ta ce mini "to", ba na tashi, sai in gyara zama.

Gidan yana nan, jikokina ne a sama. In zafi ya tsananta kowa ɗakin Inna yake gudowa, har faɗa suke yi a kan wurin shimfiɗa. Sukan ce, "Kaka, shigo mana, akwai wuri." Sai in ce musu nan waje ma ya ishe ni.